Cacar ƙwallo: wanda bai sa wa kansa iyaka ba, aljihunsa zai sa masa

A fadojin matasa na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, hirar ƙwallon Turai ta sauya salo. A da gardamar ita ce wa ya fi wa iya taka leda. Yau da yawa tambayar da suke yi ita ce wasa nawa ka haɗa a tikitinka. Caca ta bar kiyos ɗin PMU ta koma cikin salula, tana aiki dare da rana, kuma kuɗin shiga cikinta ba ya buƙatar ka tashi daga tabarma. Lokaci ya yi da za mu yi maganar iyaka da lambobi, domin "a yi hankali" kaɗai ba ta hana kowa faɗawa rami ba.

A shekarar 2021, cibiyar ƙasar Kanada mai nazarin shaye-shaye da jaraba, CCSA, ta fitar da ƙa'idoji uku bayan ta bi diddigin bayanan mutum fiye da 60,000 masu caca a ƙasashe takwas. Na farko, kada abin da mutum ke sakawa a caca ya wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin da gidansa ke samu a wata. Na biyu, kada ya yi caca fiye da kwana 4 a wata. Na uku, kada ya saba da fiye da nau'in caca 2. Sharaɗin shi ne a riƙe ukun tare. Masu binciken sun ƙara da cewa mai fama da shaye-shaye, ko damuwa, ko wanda a danginsa akwai wanda caca ta kama, ya kamata ya yi ƙasa da haka ko ya bari gaba ɗaya.

Mu kawo lissafin gida. Mafi ƙarancin albashi na doka a Nijar, SMIG, jika 42 ne. Kashi 1 cikin 100 nasa sefa 420 ne, wato dala 84 a wata guda cur. Gidan da ke samun jika 100, iyakarsa jika ɗaya. Idan aka raba ta kwana huɗu, dala 50 ke nan a kowace rana. Duk ɗan kabu-kabun da ke yanka tikitin dala 100 kullum yana zuba jika 15 a wata, kuma kafin wannan ya shiga cikin ƙa'ida sai gidansa na samun miliyan ɗaya da rabi. Ƙasashen da aka yi binciken ma masu hali ne. A gidan da kusan duk abin da aka samu ke tafiya a hatsi da haya, ko dala 84 ɗin daga bakin tukunya aka cire ta.

Me ya sa ake buƙatar iyaka? Saboda lissafin wasan tun asali ba na mai saka kuɗi ba ne. Kamfani yana ajiye ribarsa a cikin kowane farashi da ya bayar. A ɗauka ribar kashi 5 ce a wasa guda. Wanda ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, kamar yadda matasa suka fi so, yana ninka wannan ribar sau goma a jere, har ta kai kusan kashi 40 cikin 100. Sanin ƴan wasan Real Madrid ko Arsenal ba ya goge wannan. Sannan wanda ya faɗi yakan ƙara kuɗi don ya ramo, daga nan sai bashi, sai ƙarya ga iyali, sai sayar da salula ko babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma ta ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya na fama da ita.

Wani zai ce ai caca haramun ce, maganar iyaka kuma kamar halatta ta ne. Gaskiya ne addinin mafi yawanmu ya hana ta, kuma wanda bai taɓa farawa ba kada ya fara: babu iyakar da ta fi sifili. Amma wa'azi na tafiya, tikiti kuma na fita. A Kano, Hisba ta rufe shagunan caca a 2024, sai dai ba a iya sa kwaɗo a salular kowa. Matashin da ya riga ya shiga yana buƙatar ma'aunin da zai gane da shi cewa ya wuce gona da iri, tun kafin ya kai ga kuɗin maganin mahaifiyarsa.

Rashin adalci ne kuma a bar wa matashi shi kaɗai wannan yaƙi da manhajar da aka ƙera don ta riƙe shi. Jamus, tun 2021, ta ƙayyade Yuro 1,000 a wata a matsayin abin da mutum zai iya zubawa a dukkan shafukan caca haɗe. Beljiyam ta hana mafi yawan tallan caca a 2023, ta ɗaga shekarun shiga zuwa 21 a 2024. Birtaniya a 2025 ta sa iyakar fam 2 a kowane juyi na injinan caca na intanet ga ƴan shekara 18 zuwa 24. A nan gida, tun da mafi yawan kuɗin ta asusun salula yake bi, magabata na da ƙofar da za su tsare: a sa rufin abin da lamba ɗaya za ta iya turawa a wata, a tilasta tantance shekaru da katin ɗan ƙasa, a ba mutum damar toshe kansa daga dukkan shafuka, a rage talla. Ya kamata wani kaso na abin da ƙasa ke samu ta hanyar LONANI da harajin caca ya koma ga kula da waɗanda ta jikkata.

Ga ƴan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa, Gana ko Turai, batun fuska biyu gare shi. Kaɗaici da kuɗi a hannu na jan ɗan ci-rani cikin caca, kuma kuɗin da ya aiko gida na iya ƙarewa a tikitin ƙanensa. Tambayar inda aike ya tafi ba rowa ba ce.

Kafin a kafa doka, kowa na iya ɗaukar biro yau ya haɗa abin da ya saka a kwana 30 da suka wuce, ya kwatanta da abin da gidansu ke samu. Idan ya zarce kashi ɗaya, ya faɗa wa wanda ya yarda da shi, ya cire manhajar daga salularsa, kuma kada ya sake cin bashi don tikiti.