Ina Rigogo a Jerin Masu Tsaron Gida?

A gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wadan Zariya, in an tashi jera masu tsaron gidan Nijeriya, Vincent Enyeama ake sawa gaba. Hujjar tana da ƙarfi: wasanni 101, kofin Afirka na 2013, ga yadda ya hana Messi sakat a 2010. Ni ma shi na fifita, sai marigayi Peter Rufai na 1994, sannan marigayi Best Ogedegbe na 1980.

Damuwata Inuwa Rigogo ne, wanda ya tsare ragar ƙasar nan a shekarun 1960. Samari ba su ambatonsa, domin ma'auninsu bidiyon waya ne. Labarin Rigogo kuwa sai a bakin dattawan da suka gan shi da ido, su ma kullum raguwa suke yi.