Zanzaron Da Ke Gadin Gero

Manomin Nguru ko na Gashuwa ya san ɓacin ran da ke cikin ganin gero ya fid da kai lafiya, sa'an nan tsutsa ta bi zangarniya tana kewayawa tana yanke fure, ta bar kan gero da sanƙo. Wannan tsutsa, wadda mutanen Nijar ke kira murzuna, ta yi ƙarfi ne a ƙasashen Sahel bayan farin 1973. Feshi ba ya cika yi mata magani, domin tana ɓoye cikin zangarniya, ga kuma tsadar maganin.

A Maraɗi kuwa, tun daga 2006 ma'aikatan INRAN, watau hukumar binciken aikin gona ta Nijar, suka koma ga wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ya harbin mutum. Macen ita ce ke neman tsutsar, ta harbe ta har ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Cikin kamar mako biyu sai ga wani sabon ayari.

Abin sha'awa shi ne sauƙin aikin. Ana zuba tsabar gero a ƙaramin buhun algarara, a sa tsutsotsin da aka yi kiwo tare da matan zanzaro biyu, a rataye a jikin rumbu ko reshen itace lokacin da gero ke fid da kai. Zanzaron ya hayayyafa, ya fice ta kafofin buhun, ya bazu cikin gonaki. Amma manomin da ya yi feshi a wannan lokaci, mai gadinsa zai fara kashewa.

Masu lambun mangwaro a bakin Kogin Yobe su ma da darasi: a 1987 wani zanzaron da aka ɗauko daga Indiya aka saki a Togo, shi ya karya lagon farin ƙwaron da ke baƙanta ganyen mangwaro a Afirka ta Yamma.

Wannan zanzaron gero ɗan gida ne, sai dai ba ya yawaita sai ɓarna ta riga ta auku, shi ya sa ake kiwonsa a sake shi da wuri. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka ɗora wa binciken gero, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ya kamata su kafa ɗakin kiwonsa, su koya wa matasan ƙauyuka haɗa buhunan kafin damina ta tsaya.