Tukunyar Kashe Gobara: Don Wuta Muke Saya Ko Don 'Yan Rod Sefti?



Rani ya shigo, ciyawa ta bushe, kuma yanzu ne motocinmu suka fi shiga daji. Masu ɗauko doya da gawayi suna hanyar Iseyin, Saki da Igboho. Masu goro da koko suna kutsawa ƙauyukan Ondo da Osun. Ga masu Hilux da ke kai ma'aikata gonaki, ga masu tarakta. Duk waɗannan motoci suna barin kwalta su yi tafiyar sa'o'i a inda babu 'yan kwana-kwana, babu famfo, wani wurin ma waya ba ta shiga. Shi ya sa nake son mu yi magana a kan tukunyar kashe gobara, kuma zan faɗi ra'ayina kai tsaye: yawancinmu muna sayenta ne don mu wuce shingen jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato FRSC, ba don mu kashe wuta ba. Tukunyar da za ta fitar da kai daga hannun jami'i daban, wadda za ta ceci motarka a tsakiyar daji daban.

Ku duba abin da ke cikin motocinmu. Ko dai ɗan gwangwanin nan mai kama da maganin sauro da ake tallarsa a go-sulo, ko wata tsohuwar tukunya da aka gada tare da motar, tana gangare a ƙarƙashin kujera, ba wanda ya san ranar da aka cika ta. A cikin gari wannan sakaci kan zo da sauƙi, domin da hayaƙi ya tashi jama'a za su taru, mai shago ya fito da tasa, mai gidan mai ya kawo tasa. A daji kuwa daga kai sai yaron motarka. Abin da ke hannunka a minti ɗaya na farko, shi ne kaɗai abin da kake da shi.

Motar daji ta fi motar gari kusa da gobara saboda dalilai da kowane direba ya sani. Busasshiyar ciyawa tana naɗewa a ƙarƙashin mota, ta manne da salansa mai zafi, ta yi ta ci a hankali har ta kama. Gargadar hanya tana goge wayoyin wuta da jikin ƙarfe har roba ta zube. Batir da ba a ɗaure ba yana tsalle ya taɓa bodi. Muna ɗaukar fetur a jarka saboda babu gidan mai a gaba. Gawayin da ba a bari ya huce sosai ba yana iya tashi a cikin lodi. Sannan ga masu cinna wa daji wuta a wannan lokaci na hunturu.

To wace iri ya kamata a saya? A duba jikin tukunya a ga haruffan ABC. A na nufin abubuwa irin su katako, ciyawa, kujera da buhu. B na nufin fetur, gas ɗin mota da baƙin mai. Ita wannan mai hoda tana kashe su duka, kuma ana iya fesa ta a kan wayoyin mota. Mai iskar CO2 tana da amfani a ofis da shagon kayan lantarki, amma a fili iska na kwashe ta nan take, kuma ciyawar da ta kashe tana iya sake kamawa. Ruwa kuwa kada a kusanto da shi wutar fetur, domin man yana hawa kansa ya bazu.

Sai batun girma, wanda nan ne ake yaudarar kai. Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta ce ƙaramar mota kilo 1, a-kori-kura kilo 2, tirela kuma guda biyu masu kilo 9. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi. Mutane da yawa ba su san cewa tukunya mai kilo 1 tana ƙarewa cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka ba. Daƙiƙa goma, ba minti goma ba. Idan hannunka na rawa ka fesa rabi a iska, shi ke nan. A ra'ayina, duk motar da ke barin kwalta ta riƙe guda biyu: mai kilo 2 a gaba inda hannun direba zai kai, da mai kilo 6 a baya. Idan wuta ta tare hanyar ɗaya, ɗayar tana nan.

Inda aka ajiye ta ma magana ce. Tukunyar da ke ƙarƙashin buhu hamsin na doya daidai take da wadda aka bari a gida. Wadda ke yawo a ƙasan mota kuma tana iya shiga ƙarƙashin birki, ko ta zama makami idan mota ta kife. A sa mai walda ya yi mata mariƙi na ƙarfe mai saurin buɗewa, a ɗaure shi da noti, ba da igiya ko robar taya ba, kuma ba inda rana ke dukanta kullum ba. Akwai wani abu da ya shafi motar daji musamman: girgiza tana sa hodar ta danƙare a gindin tukunya. Agogo zai nuna kore, amma in an matsa sai iska ta fito ba hoda. Saboda haka duk wata a ciro ta, a kifa ta, a girgiza har a ji hodar na motsi, a duba allura tana kan kore, ƙusar da ke tsare hannun tana nan, bakin kuma bai toshe da laka ko gidan zanzaro ba. Wadda aka taɓa fesawa ko sau ɗaya ne, a kai ta a sake cikawa, domin iskar cikinta za ta sulale.

Idan Allah ya kawo tsautsayi, ga yadda za a yi. A tsaya a fili, nesa da ciyawa in da hali. A kashe mota, a fitar da kowa, su yi nisa. Idan hayaƙi daga inji yake, kada a bankaɗe bonet gaba ɗaya, domin iskar da za ta shiga abincin wuta ce. A ɗan saki shi kaɗan, a fesa ta wannan kafa ko ta ƙasa. A tsaya yadda iska za ta bugi baya, kamar taku biyu zuwa uku daga wutar. A zare ƙusa, a saita gindin wuta ba harshenta ba, a matsa, a riƙa kai hannu dama da hagu. In ta mutu, a cire kan batir idan ana iya taɓa shi, a tsaya ana kallo, don wutar waya da ta ciyawa suna dawowa. Daga baya a wanke hodar da wuri, domin tana cin ƙarfe da wayoyi.

Akwai kuma lokacin da jarumta ita ce gudu. Idan wuta ta kai tanki ko jarkoki, ko ta mamaye cikin mota, ko tana kusa da tukunyar gas ta girki ko ta motocin da aka mayar CNG, a bar ta. A yi nisa, a kira 112 idan waya ta shiga. Ana sake sayen mota, ba a sake sayen rai.

Na san abin da wasu za su ce: kaya sun yi tsada, mai ya yi tsada tun 2023, ga kuɗin balas kullum. Gaskiya ne. Amma a ɗora kuɗin tukunya biyu a gefe ɗaya, a ɗora mota da lodin da galibi kuɗin mutane ne a ɗaya gefen. Idan motar ɗan uwa ta ƙone, ai mu ɗin nan ne muke zagayawa da takardar gudummawa, kuma abin da ake tarawa ba ya sayen ko taya huɗu. Wasu kuma za su ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana mu riƙo da sababi ba.

Shawarata ga shugabanninmu guda uku ce. Ƙungiya ta tara sunayen masu buƙata a sayo da yawa daga dila guda amintacce, don a samu ragi kuma a kauce wa jabu. Shugabannin tasha su riƙa duba tukunya kafin mota ta ɗauki hanyar daji, kamar yadda ake duba taya. Sannan mu gayyaci 'yan kwana-kwana na jiha wata ranar Lahadi su koya wa direbobi da yaran mota, kowa ya zare ƙusa ya fesa da hannunsa. Masu motoci kuma, iyayenmu, wannan nauyi a kanku yake, kada a bar wa direba.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya leƙa motarsa yau kafin ya kwanta. Allah ya tsare mu a hanya, ya dawo da kowa gida lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya