Allurar damtse: hannun manomi ba wurin gwaji ba ne



A zagayen da muke yi na cibiyoyin karatun manya a ƙauyukan Dungu, mun tarar da wani ɗalibi magidanci zaune a bayan aji, ya rungume hannunsa na dama. Allonsa na ajiye a ƙasa, ya kasa riƙe alli. Damtsen ya kumbura har yana sheƙi. Da muka tambaye shi, sai ya ce masassara ce ta kama shi ranar kasuwa, wani mai tallar magani ya yi masa allura a bayan rumfa. Masassarar ba ta tafi ba, ga kuma ƙurji ya zo. Sai da aka kai shi likita aka tsaga wurin, aka fitar da mugunya. Sati uku bai ja guga ba, garkarsa kuwa na jiran ruwa. Garin neman gira, saura kaɗan a rasa ido.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari ɗaya ne: kada mu miƙa damtsenmu ga kowa sai ma'aikacin lafiya wanda ya koyi aikin. Amma kuma ya kamata kowane ɗayanmu ya san yadda ake yin allurar daidai, domin ya sa ido a kan jikinsa da na iyalinsa.

Mu fara da wurin. Allurar da ake yi a damtse, tsoka ake nema, wato naman nan mai kauri da ya lulluɓe kafaɗa. Ka ɗora hannu a kan kafaɗarka, za ka ji ƙashi a ƙarshenta. Ka sauko ƙasa da faɗin yatsu biyu ko uku, a gefen waje, kafin ka kai daidai hammata. Nan ne wurin, kuma bai fi tafin hannun yaro faɗi ba. In aka soka a sama da nan, ana iya shiga gaɓar kafaɗa, mutum ya yi watanni yana fama da ɗaga hannu. In aka yi ƙasa da yawa ko aka karkata baya, ana iya taɓa jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu, sai hannun ya yi laƙwas. Wanda bai koyi zaman waɗannan jijiyoyi ba, lalube yake yi cikin duhu.

Tsokar damtse kuma ƙarama ce, ba ta ɗaukar ruwan magani mai yawa. Yawancin riga-kafi rabin mililita ne, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin cokalin shayi. Magani mai yawa yana da nasa wurin a jiki. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, tsokar damtsensa ba ta yi ƙwari ba, shi ya sa allurar tsoka a cinya ake yi masa. Ita kuwa allurar tarin fuka, wadda ke barin tabo a hannun jariri, cikin fata ake yin ta, ba ta kaiwa ga tsoka. Kun ga kowace allura da hanyarta. Mai tallar magani a ina ya koyi wannan?

Sai batun tsabta. Allurar da ta shiga jikin wani, ta ɗauko jininsa ko da ido bai gani ba. Wanke ta da ruwan zafi ko goge ta da tsumma ba ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2010 allurai marasa tsabta sun sa wa mutane har miliyan 1 da dubu 700 ciwon hanta iri na B, suka sa wa kimanin dubu 33 ƙwayar cutar sida. Waɗannan cututtuka ba sa nuna kansu ranar da aka ɗauke su. Mutum zai yi shekaru yana ganin lafiyarsa lau, alhali hantarsa na lalacewa.

Ga kuma abin da ke cikin kwalbar. A shekarar 2015, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna a Yamai da kewaye, OMS ta yi gargaɗi cewa akwai riga-kafin sanƙarau na jabu da ke yawo a Nijar. Ko da maganin na gaske ne, riga-kafi da yawa sanyi suke so. Kwalbar da ta wuni cikin jaka a rana, ƙarfinta ya tafi.

To, me ya kamata mu gani idan ma'aikacin lafiya zai yi mana allura? Zai tsabtace hannunsa. Zai yaga sabuwar leda a gabanmu, ya fitar da sirinji da allurar da ba a taɓa amfani da su ba. Zai duba sunan maganin da ranar lalacewarsa. Zai ce mu zauna, mu yaye hannun riga har kafaɗa, mu saki hannun kada mu ɗaure tsoka. Zai laluba ƙashin kafaɗa, ya auna wurin, ya soka a miƙe ba a karkace ba. In ya zare, sai ya danna auduga, ba tare da murzawa ba. Allurar da aka gama da ita, cikin kwalin da aka tanada ake jefa ta nan take. Daga nan ya rubuta a karne, mu kuma mu zauna kamar minti 15 kafin mu tafi.

Nan ne karatun da muka koya zai yi mana rana. Mu roƙi a nuna mana kwalbar, mu karanta wata da shekara. A jikin kwalaben riga-kafi da yawa akwai ɗan da'ira mai duhu, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarsa. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya lalata maganin. Tambaya cikin ladabi ba raini ba ce, kuma matambayi ba ya ɓata.

Bayan allura, ɗan ciwo da ɗan kumburi da zazzaɓi kaɗan na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in kumburin na ƙaruwa, ko wurin ya tara mugunya, ko yatsu sun mutu, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, a koma likita ba da jinkiri ba. Wanda numfashi ya yi masa wuya ko fuskarsa ta kumbura jim kaɗan bayan allura, a gaya wa ma'aikaci nan take.

Mun san abin da wasu za su ce: likita na da nisa, ana bin layi, ga kuɗi, shi kuwa mai talla yana kusa, har bashi yake bayarwa. Gaskiya ne, ba mu musu. Amma mu yi lissafi irin na manomi. Ɗalibin nan namu ya biya kuɗin allura, ya biya amalanke, ya biya tsagar ƙurji, ya kuma yi asarar sati uku. Araha ba ta ado. Wasu kuma sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har sukan ji haushi in an ba su ƙwaya kawai. Wannan kuskure ne. Zazzaɓin sauro da bai yi tsanani ba, ƙwayoyin kwana uku ke warkar da shi. Wanda ya yi tsanani kuwa, gadon asibiti yake bukata, ba bayan rumfa ba.

Kada kuma tsoron muguwar allura ya sa mu guje wa ta kirki. Daga watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da riga-kafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, ga masu shekara 1 zuwa 29, kuma sanƙarau iri na A ya kusan ɓacewa. Amma akwai sauran ire-irensa. Tsakanin Nuwamba 2022 da Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Bayan Dungas, yankinmu na Matameye ne ya fi yawan waɗanda suka kamu. A 2024 Nijar ta fara amfani da sabon riga-kafi mai kariya daga ire-iren cutar biyar. Haka nan allurar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki ya ɗaure haƙora, a damtse ake yi wa mata masu ciki: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida, sauran biyun kuma shekara-shekara. Tana kare uwa da jariri. Manomin da hauya ko ƙusa ta ji wa rauni, shi ma ya je a duba ko yana bukatarta.

Muna roƙon masu gari da limamai su yi wa jama'a wannan magana a dandali da masallaci. Muna roƙon ma'aikatan lafiya su yi haƙuri da tambayoyinmu, su nuna mana leda da kwalba ba tare da tsawa ba, domin tsawa ce ke kora wasu zuwa ga mai talla. Mu kuma ɗalibai, kowa ya karanta wa mutanen gidansa wannan shafi, ya duba karnen matarsa da na yaransa, ya ga ranar komawa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.