Martani: Malam, Shawara Ba Ta Washewa a Mako Guda

Malam, ka rubuta cewa idan an sa wa mai shawara bututu a hanyar matsarmama, mako ya cika idonsa bai washe ba, aikin likita ya ɓaci, a koma wa sassaƙe da jiƙo. Wannan magana tana iya kashe mutum.

Da zarar an buɗe hanyar, ƙaiƙayi yakan lafa cikin 'yan kwanaki, fitsari ya fara haske, bayan gida ya dawo kalarsa. Ido kuwa sai a hankali. Sinadarin bilirubin mai sa rawayar ido, idan ya daɗe a jini, yakan manne wa furotin albumin, shi kuma albumin sai kusan kwana 20 rabinsa ke barin jiki. Shi ya sa rawayar ke iya kai mako 2 zuwa 6, musamman idan toshewar ta daɗe. Gwajin jini ke nuna ko tana sauka, kallon ido ba ya isa.

Hantar da ta sha wahala kake so a ɗora wa jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba?

Abin da ya kamata ka gargaɗi mutane a kai shi ne zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon ciki, ko rawaya ta ƙaru. Bututun ne wataƙila ya toshe, ƙwayoyin cuta sun shiga. Asibiti za a garzaya, ko da tsakar dare ne.