Mu Koyi Ƙera Kayan Mota a Parakou

Shekara ashirin ina gyaran mota a Ganou. Kullum manyan motoci masu zuwa Malanville da Nijar suna tsayawa a garejina, kuma ƙananan giyoyin famfon mai da nake sa musu duk daga waje ake kawo su.

Yawancin irin waɗannan giyoyi da garin ƙarfe ake yin su: a zuba garin cikin mazubi, a matse shi, a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,120. Tsadar aikin tana ga mazubin, domin da ƙarfe mai tauri ake sassaƙa shi. Shi ya sa hankalina ya koma kan kankare mai ƙarfin gaske, wanda ya ninka na gini sau biyar ko fiye. Bakin da ke matse garin dole ya zama ƙarfe, amma gindi da mariƙin injin matse garin kankare zai iya ɗauka.

Muna da siminti a Onigbolo, muna da maƙera masu zuba tukwane cikin yashi. Ina roƙon gwamnati ta haɗa injiniyoyinmu da maƙeranmu su gwada wannan aiki a nan Parakou.