Gidan Gado Da Aka Shafe Da Siminti

Ran Alhamis da ta wuce, ina komowa daga kasuwar Maigatari, sai wani dillali ya tare ni a tasha, ya ce in zo in ga wani gida da a ke sayarwa cikin tsohon garin Gumel, wai ko na yaba shi a wannan shafi. Na bi shi. Gida ne irin na mutanen da: zaure, da shigifa, da sassa biyar, kowane da iyali a ciki, ga rijiya a tsakar gida. An kware rufin soro an sa kwano, an shafe bango da siminti, an yi fenti. Dillali ya ce wanda ya saya ba shi da sauran aiki sai karɓar kuɗin haya.

Da na ƙwanƙwasa bangon zaure, sai na ji yana amsawa kamar ganga. Magina sun san dalili. Siminti ba ya kama tubali, jingina kurum ya ke yi; in ruwan damina ya sami kafa ya shiga tsakaninsu, ba shi da mafita, sai ƙasa ta riƙa narkewa daga ciki, waje kuwa sumul. Yaɓen makuba da kakanninmu su ke yi yana son sabuntawa, amma ba ya ɓoye ciwo.

Wannan duk mai sauƙi ne, kuɗi na gyara shi. Abin da ya fi damuna shi ne da na tambaya, “Gidan na wa ne?” Aka ce na gado ne, babban ɗa shi ya yi gyara, shi ke sayarwa. Sauran magada fa? Ɗaya yana noma a ƙasar Gagarawa, mace guda tana aure a Sule Tankarkar, autansu ya haye Nijar. An raba gado gaban alƙali? Dillali ya yi shiru.

To, malamai masu karanta wannan shafi sun fi ni sani, babu mai ikon sayar da rabon ɗan'uwansa sai da yardarsa, ko da shi ya sayi kwanon rufi. In ma rabonsa kaɗai ya sayar tun ba a raba ba, sauran suna da shuf'a, watau su biya mai saye kuɗinsa su karɓe. A Risala an bayyana cewa wanda ke gari haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara, amma wanda ya yi tafiya yana nan kan haƙƙinsa kome daɗewa. Ashe autan nan na Nijar yana iya sallama wata rana, ciniki ya koma ɗanye.

Ga kuma zancen takarda. Tun 1845 da sarauta ta taso daga Tumbi ta zauna Gumel, gidajen cikin gari daga uba sai ɗa, shaidarsu mai unguwa da maƙwabta. Amma dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane hannun gwamna, wanda ke da takardar mallaka kuwa ba ya mayar da ita ga wani sai da izininsa. Akawu da malamin makaranta da za su zuba kuɗin sallamarsu a gida, su fara zuwa ofishin filaye su bincika, sa'an nan a yi maganar la'ada.

Za mu fita, wata tsohuwa ta leƙo daga sashen ƙurya, ta gaishe mu, ta ce, “Malam, kai ne mai sayen? In ka saya ina za mu?” Matar ƙanen marigayi ce, a nan aka kawo ta amarya, ba ta taɓa biyan ko kwabo ba, dillali kuwa ya lissafa ɗakinta cikin na haya.

Na ce masa ya tara magada gaban alƙali, a rubuta rabon kowa, a san makomar tsohuwar nan. Ran da aka yi haka ya aiko mini, ni da kaina zan faɗi unguwar a wannan shafi.